Ganyen da Ya Ƙi Yin Ciwo

Ranar da ya fara ganinta, ganyen tumatir ya kai ɗakin gwaji a leda, kuma a ranar da gaske ganyen ba shi da lafiya. Shi mai rainon dashe ne, lambunsa ɗan ƙarami. Ita tana zaune gaban kwamfuta cikin farar riga, ta ɗago ta ce, "Sannu da zuwa. Wa ke ciwo?"

Saura kaɗan ya ce shi ne.

Ta yi masa bayani a hankali. In ƙwayar cuta ta shiga shuka, shukar kan daddatsa ta ƙanana-ƙanana. Inji ya karanta guntayen, sai manhajar da ita ta rubuta ta harhaɗa su ta faɗi sunan cutar. Ko rabi bai gane ba, amma ya yi ta gyaɗa kai don kada ta daina magana.

Aka gano cutar, ya tuge waɗanda suka kamu, lambu ya murmure. Nan damuwarsa ta fara, don ba shi da sauran dalilin zuwa.

Sai ya koma tsinko lafiyayyen ganye, ya shanya a kan kwano har ya yi yaushi, ya kai mata yana marairaice fuska. Su yi hira, ta raka shi bakin ƙofa. Kullum manhaja ta ce babu komai.

Wata rana saƙonta ya shigo:

"Malam Ganye, ina jin manhajata ta lalace. Ido na ganin ciwo, ita ta ce lafiya. Oga ya ce in ban gano matsalar ba, za a rufe aikin."

Ya zauna a kan bokitin ban ruwa, ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. Daga ƙarshe ya tura:

"Likitata, manhajarki ba ta yi ƙarya ba. Ganyen lafiyarsa ƙalau, rana na sa ta gasa shi. Mai kawowar ne ba lafiya."

Sai da la'asar amsa ta zo: "Ka zo ka faɗa wa Oga da bakinka."

Ya je ya faɗa. Oga ya yi dariya har ya cire tabarau.

"Wato duk ganyen nan, ko sau ɗaya manhajar ba ta laƙa wa mai lafiya cuta ba? Ai wannan gwajin muke nema."

Aiki ya tsira. Ita dai ta harare shi, amma hararar ba ta kai zuci ba.

Da ya je gaida iyayenta, labari ya riga shi isa. Babanta ya ɗaure fuska.

"Wanda ya yi ƙarya a kan ganye, me zai bari? Ban yarda ba."

Mamanta na gefe tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, agogon nan da ka yi ta kawowa shagon babana gyara, ya taɓa tsayawa kuwa?"

Baba ya yi tari, ya shiga neman hularsa, alhali tana kansa.

Ranar da aka ɗaura aure, bayan baƙi sun watse, amarya ta dube shi ta ce, "Malam Ganye, daga yau in kana son ganina, ɗago kai kawai. Ka bar shuka ta huta."

"To, Likitata."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kuma tsare musu tumatir.