Agogon Tela Alkasum

Asma'u na tankaɗen gero aka yi sallama. Ansifekta Inusa ne daga komisariya, ofishin 'yan sanda, tare da Alkasum tela da ƙanensa Nomau.

Alkasum ya ce agogonsa mai ƙararrawa ya ɓace daga shago, kuma Nomau ya ga Habsa, 'yar Asma'u, ta fita da shi. Da ƙyar mijin Asma'u ya yarda aka sa Habsa lakwal, makarantar boko; in aka kira ta ɓarauniya, karatu ya ƙare.

Ta gyara mayafi ta yi bayani. Mushe, malaminsu, ne ya ce kowane ɗalibi ya zaɓi abin gida ya kwance, ya ga yadda yake aiki. Ta ba yarinyar cocila da kwaɗo, Habsa ta ce babu abin gani a cikinsu. Jiya sai ta shigo da agogo, wai Baba Nomau ya ba ta don agogon ya mutu.

"Ni? Ban ko yi mata magana ba," in ji Nomau.

Ansifekta ya ce a kawo agogon. Habsa ta fito da faifai. Ta jera ƙarafan bi da bi, yadda ta cire su. Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya, ya manne masa a yatsa.

"'Yata, haka kika same shi?"

"I, Baba. Har da kiyashi a ciki. Na rasa amfanin sukari a agogo, na bari in tambayi Mushe."

Ya lasa yatsan, ya juya wajen Alkasum ya tambayi wa ke dafa shayi a shago, kuma ina ake ajiye butar. Alkasum ya dubi ƙanensa.

Nomau ya sunkuyar da kai. Ya ce butar ce ta kife a kan agogon, ya tsaya cik, tsoron yayansa ya kama shi. Da yarinyar ta zo tambayar tsohon abu, sai ya miƙa mata.

Aka tasa shi gaba. Asma'u ta bi Ansifekta har zaure tana sa masa albarka.

Alkasum ya tsaya a bakin ƙofa, kunya ta rufe shi.

"Uwar Habsa, ki yafe mini. Ta kai agogon lakwal ɗin. In ta iya haɗa shi, nata ne."