Sauron Uligan da Jakar Fasfo

"Mamma, wai Bappa ɓarawo ne?"

Niuma ta tsayar da keken ɗinki ta dubi 'yarta Rifga, wadda ke kiran ubanta Bappa. "Wa ya faɗa miki haka?"

"A bakin teku ake faɗa. Wai ya ɗauke jakar Turawa."

Niuma ta tura yarinyar wurin kakarta, ta ja mayafi ta fita.

Jirgin ruwan shaƙatawa ne ya iso tsibirin Uligan jiya da yamma, ya tsaya nesa da gaɓa ya ɗaga rawayar tuta. Ko yaron goye a tsibirin ya san ma'anarta: ba mai hawa, ba mai sauka, sai likita da jami'an shige da fice sun gama dubawa. Da jami'an suka je da safe, jakar fasfo ɗin mutanen jirgin ta ce ɗauke ni inda ka ajiye ni. Kwalekwale ɗaya aka gani kusa da jirgin, na mijinta Afeef.

Ta tarar da shi a kan benci a ofishin 'yan sanda, Saje Riyaz, ɗan kawunta, yana tsaye a kansa.

"Yaya Riyaz, mutumin da ke manta takalminsa a masallaci ne zai iya sata?"

"Ni ma na sani, ƙanwata. Amma in jakar ba ta fito ba, da shi zan tafi babban ofis, kwalekwalen ma a riƙe."

"Ka hau jirgin?" ta tambayi mijinta.

"Da tutar a sama? A bakin doguwar gora na miƙa musu kifi."

Da yake ita ke ɗinka wa baƙi tutar ƙasa, tana jin Turanci, sai Riyaz ya tafi da ita tafinta. Shi ya hau, ita ta zauna a kwalekwalen 'yan sanda, inda ba abin da take gani sosai sai ƙafafun mutanen jirgin.

Kyaftin Henk, dattijo mai jan fuska, ya ce a ƙarƙashin teburin taswira ake ajiye jakar. Matarsa ta ce da hannunta ta cire kifin daga gorar, mai kifin bai ko taɓa jirgin ba, ita kuma jiri ya kwantar da ita tun daga nan. Saura Ruben, ɗan ƙanen kyaftin.

"Ban motsa daga jirgin nan ba tun da muka bar tashar Galle," in ji shi, yana goga ƙafa da ƙafa.

Niuma ta ƙura wa ƙwaurinsa ido, duk ƙuraje. Ta dubi na dattijon, ta dubi na matar: sumul.

"Samari, ƙaiƙayi yake yi? Ina da man da nake shafa wa 'yata."

"Sauro ne kawai."

"Yaya Riyaz, tun yaushe sauronmu ya koyi iyo? Iskar nan ba ta barinsa ya iso nan. Cizo irin wannan sai a kurmin bayan maƙerar kwalekwale."

Ruben ya sunkuyar da kai, ya faɗi gaskiya. Wa'adin fasfonsa ne ya ƙare suna tsakiyar teku, tsoron baffansa ya hana shi faɗa. Ya ɗaure jakar a leda ya yi iyo da ita zuwa gaɓa, ya tura ta ƙarƙashin saiwar bishiya, wai ko a ba su sababbin takardu gaba ɗaya.

Kafin azahar jakar ta dawo. Ruben ya sha tara, ya sha faɗan baffa, aka hana shi sauka. Afeef ya koma gida, Rifga ta ɗale wuyansa tana ba shi labarin abin da aka ce ya yi. Niuma kuwa sai da ta aika wa Ruben man shafawar, don ba ta iya ganin ɗan wani yana susa.

To, kai mai shirin shiga ƙasar mutane ta ruwa, duba ranar ƙarewar fasfonka tun kana gida. In tutarka rawaya tana sama, zauna cikin jirginka, kada ka ja wa uban wata yarinya sunan ɓarawo.