Waya Mai Lanƙwasa a Kayan Shabka

Tasallah na durƙushe a kicin tana tsince shinkafa lokacin da muryar mahaifiyarta, Umma Zenabu, ta cika ɗaki biyun da suke haya a unguwar Ƙurban.

"Na faɗa na ƙara faɗa! In babu jawwal, wato waya, mai lanƙwasasshen gilashi a kayan shabka, kada ma dangin saurayin su wahalar da ƙafafunsu hawa benen nan!"

Shabka ita ce kyautar da saurayi kan kawo kafin a sa rana. Wata biyar da suka wuce aka kawo ta Afnan, 'yar Hajiya Asama'u ta ƙasan bene, kuma a ciki akwai wata waya mai tsada wadda gilashinta ya lanƙwaso ta gefe biyu kamar bakin faranti. Mata suka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu, cikin rigarta ruwan hoda mai sunan Afnan da ruwan zinariya. Tun daga ranar Umma ba ta sake samun sukuni ba. Ita da ko saƙo ba ta iya turawa sai an danna mata, ita ce ta zama gwanar sanin wayoyi!

"Umma, ni fa ban ce ina so ba," in ji Tasallah a hankali.

"Wa ya tambaye ki? Khalas, magana ta ƙare! Zuwa Juma'a, ko waya ko a fasa. Ba za a ce 'yar Asama'u ta fi tawa daraja ba."

Tasallah ta haɗiye kukanta. Baba direba ne, ba ya shiga maganar kayan mata, abin da Umma ta yanke shi ke nan. Ita kuma ba ta da inda za ta je ta huce, daga kicin sai ɗaki, daga ɗaki sai taga mai ƙarfuna. Bayan azahar ta kira Sa'id, saurayinta, mai gyaran waya a wani ɗan shago a unguwar Sultana.

"Tasallah, su nake gyarawa kullum," ya ce. "Kyau kam akwai, ba na musu. Amma gefen nan da ya lanƙwasa shi ke fara shan ƙasa in ta faɗi. Gilashin kariya ba ya zama a kanta da kyau. In sikirin ya fashe kuwa, canza shi ya kusa sayen wata wayar."

"To ka faɗa wa Umma mana!"

"Na faɗa, ta ce rowa ce." Sannan ya ce, "Bari kawai. Zan sayar da kayan aikina, madubin ƙara girma da injin ɗaga gilashin. Na sami mai saye."

Shekara uku Sa'id ya yi yana haɗa kayan nan, kuma don su ne mai shagon yake ba shi rabo a kowane gyara. Ba su, sai ya koma mai tsaron kanta.

"Wallahi ba ka isa ba! Da me za mu rayu?"

"Ki zaɓa mini to. In rasa kaya ko in rasa ki?"

Ta kife wayar ta yi kuka har idonta ya kumbura. In ta bi Umma ta karya sana'ar wanda take so, in ta bi shi ta saɓa wa uwa. Kwana uku tana yawo a cikin gidan kamar wadda aka kulle, ba ta ɗaga wa Umma murya ba, ba ta kuma daina addu'a ba.

Ranar Alhamis labari ya iso cewa Sa'id ya yarda. Umma ta rangaɗa guɗa ita kaɗai, ta zari abayarta.

"Tashi mu je in zaɓi kala da kaina. Maza ba su san kala ba."

Bayan la'asar suka isa Sultana. Shagon matsattse ne, mutum uku ma sai an raɓa. Abin da Tasallah ta fara gani shi ne kwali a ƙasa, an shirya madubin da injin a ciki. Ta kau da kai don kada hawaye ya zubo.

Sa'id ya rusuna ya gaishe da Umma, ya ce zai kai su babban shagon da ake sayar da sababbi. Ya ja durowa don ɗauko makulli, ya yi sauri zai mayar. Amma idon Umma ba ya kuskure abin da ya daɗe yana ci mata rai.

"Dakata! Mene ne wancan ruwan hodar?"

"Kayan mutane ne, Umma."

Ta riga ta sa hannu. Waya ce cikin riga mai sunan Afnan da ruwan zinariya, gilashin wayar ya tsage tun daga gefe har tsakiya. An ɗaure ta da roba tare da 'yar takarda.

"Tasallah, karanta mini kwanan watan nan."

"Wata huɗu da sati ɗaya ke nan, Umma."

"Sati uku kawai ta yi a hannunta? Asama'u kuwa kullum cewa take an adana ta a akwati saboda bakin mutane!" Ta juya ga Sa'id. "Kuɗin gyara ne ya gagare su?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kai ɗan nan! Ina ta yi maka gori da wayar nan alhali tana kwance a durowarka? Kalma ɗaya da ka faɗa da ka huta!"

"An roƙe ni in rufa asiri, Umma. In na tona na 'yar wasu don in sami taku, ta yaya za ku yarda zan rufa nata in ta shigo gidana?"

Umma ta daɗe tana kallon kwalin da ke ƙasa, kunya ta rufe ta har ta ja mayafi ta kare fuska. Ta mayar da wayar, ta tura durowar da hannunta.

"Fito da kayan aikinka ka mayar inda suke," ta ce. "Ka kawo mata wadda ka san za ta daɗe. Gobe ku turo manyanku."

Tasallah ta fashe da kuka, wannan karon na farin ciki.

A bakin bene suka ci karo da Hajiya Asama'u, ta tambaya ko an sami irin ta Afnan. Tasallah ta zuba wa Umma ido, don ta san bakin mahaifiyarta.

"Ba mu kai nan ba, Hajiya," in ji Umma. "Allah ya bar wa Afnan tata."

Haƙurin Tasallah bai tafi a banza ba, an sa rana, sana'ar Sa'id kuma ta tsira. 'Yan mata da iyayensu, kada ku auna darajar 'ya da abin da aka kawo wa maƙwabta, domin ba ku san abin da ke bayan ƙyallin ba. Ku duba ko mutumin zai iya riƙe amana a ranar da riƙe ta zai sa ya yi asara.