Shuɗin Fentin Ajin Ƙanana

Katangar makarantar aka kira shi ya yi wa fenti, ba leƙen aji ba. Amma tagar ajin ƙanana a buɗe take. Yara 'yan shekara biyu zuwa uku zaune a kan leda, kowa cikin tsohuwar rigar manya, suna tsoma hannu a faranti suna dangwala wa takarda. A tsakiyarsu ga malamarsu a durƙushe, da jan fenti a kumatu, tana ta dariya.

"Malama, wannan ai ɓarnar kaya ce," in ji shi ta taga. "Ba buroshi, ba layi?"

"Sannu da aiki, Sarkin Layi. Su ba bango suke wa kwalliya ba. Yatsunsu nake koya wa aiki."

"Fentin ma duk ruwa ne."

Sai ta ɗago tana yi masa bayanin yadda take dama shi da kanta, da fulawa da kalar girki, da dalilin hakan. Ko kalma ɗaya bai ji ba. Idonta yake kallo.

Katangar ba ta da wani girma, amma ta ƙi ƙarewa. Kafin a jima ya samu lambarta.

"Malamata, yau ma na bar gefe guda ban shafa ba, don in samu dalilin dawowa gobe."

"Sarkin Layi, shugabarmu ta fara zargin buroshinka ba shi da lafiya. Ka ci abinci kuwa?"

Wata rana ta yi masa ƙorafin shuɗinta ba ya fita da kyau. Shi kuwa ga shuɗi gwangwani guda a hannunsa, mai mai, mai sheƙi. Da aka fita hutun tara ya lallaɓa ajin, ya juye nata, ya cika farantin da nasa. A zuciyarsa kyauta ya yi.

Ana dawowa yara suka riga ta zuwa faranti. Kafin warin ya kai hancinta, an shafa a fuska, an shafa a gashi. Da ƙyar ta cafke hannun wani yana shirin kaiwa baki. Aka yi ta wanki da sabulu, fenti ya ce yana nan. Wadda ta fi shan shafa kuwa 'yar yayan malamar ce, jikar babanta ta gaban goshi. Dole aka yi mata aski ƙwal.

Shugaba ta kira iyaye taro. Maganar biyu ce: a daina fenti a ajin, kuma malamar ta ajiye aiki. Ita malamar ba ta faɗi sunan kowa ba. Saƙo ɗaya ta tura wa mai fentin.

"Na faɗa maka tun ranar farko, komai nasu baki yake tafiya. Ashe ba ka saurarena. Baba ya ce kada in ƙara kula ka."

Ya karanta, ya zauna a kan gwangwani, sai a lokacin maganar fulawa da kalar girki ta faɗo masa a rai. Daga nan ya wuce gidan yayarsa ya ce ta ara masa tukunya da fulawa. Sai da ya ƙona tukunyar kafin abin ya yi daidai.

Ranar taro ya shigo da kwano a hannu. Baban malamar na zaune a gaba, da jikar a cinya, kanta sai ƙyalli yake.

"Iyayena, ni ne na zuba," in ji shi. "Ba ta sani ba. Wauta ce, kuma tawa ce. Nata fentin ga irinsa nan."

Ya ɗebo cokali guda na shuɗin nan ya haɗiye. Ya ƙara. Fuskarsa ta yamutse, don gishiri ya yi masa yawa.

"Wannan ko yaro ya lasa ba abin da zai same shi. Ni ku kora, kada ku raba yaran nan da ita."

Jikar ta nuna bakinsa ta ƙyalƙyale da dariya. Wata uwa ta ce, "Ni dai ɗana a ajin nan ya fara riƙe cokali da kansa. A bar mana malamarmu." Sauran suka goyi bayanta.

A waje dattijon ya tare shi.

"Kai ne kake son 'yata?"

"Ni ne, Baba."

"Ka ga kan jikata?"

"Na gani, Baba."

"To ka jira gashin ya fito. In ya isa kitso kana nan, ka turo manyanka."

Ya jira. Kullum ya haɗu da yarinyar sai ya duƙa ya duba kanta, har malamar ta ce, "Masoyi, ba shuka ba ce, kallo ba ya sa ta girma."

Ranar da aka yi wa yarinyar kitson farko, dattijon da kansa ya aiko a kira shi. Aka ɗaura aure, gida ya cika da ƙananan baƙi masu hayaniya. Baba ya dafa kan ango ya ce, "In tana magana ka riƙa saurare. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu ɓata muku bango."

Amarya ta ce amin tun kafin ango ya buɗe baki.