Tsoma Takalminka Tukuna

"Malam, tsaya nan! Tsoma takalminka a ruwan magani tukuna."

Da wannan tsawar wata likitar dabbobi ta tarbi wani saurayi a ƙofar ɗakin bincikensu, yana riƙe da matacciyar kaza a leda. Ya tsoma, ya ɗago kai, idanu kawai ya gani a saman takunkumi. Shi ke nan, bawan Allah ya kamu da sonta. Tun ranar take ce masa Mai Takalmi, shi kuma Likitata.

Murar tsuntsaye ce ke cin gonaki ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ta ɓulla, hukuma kan kashe kajin kaf ta binne. Su Likita suna gwajin sabuwar allurar mRNA, mai koya wa jikin kaza gane cutar tun ba ta iso ba. Baban Mai Takalmi kuwa, mai gonar kaji, ko zancenta ba ya son ji.

"Masu fararen kayan nan? Duk gonar da suka taka sai ta koma maƙabarta. Ba ita, ba allurarta!"

Wata safiya saƙon saurayin ya shigo wayarta: "Likitata, na taya maƙwabcinmu kwashe kajinsa da suka mutu. Bari in leƙa namu in zo."

Nan take ta mayar masa da amsa:

"Don girman Allah kar ka shiga! Cutar na manne da takalminka. Ƙona shi, ka yi wanka, ka tafi wurin yayarka sai na ce ka koma."

Hannunsa na kan sakatar gona lokacin da ya karanta. Ya saki.

Baba ya yi ta faɗa, wai an raba shi da ɗansa. Gonar maƙwabci ta yi tsit, ta gaba ma haka. Zakaran Baba ya yi cara, babu mai amsawa. Tsoro ya kama tsohon ba kaɗan ba, har ya kira ta da kansa.

"Me ya hana yaron nan shigowa?"

Ta gaya masa. Da ya gama ji, sai ya ce:

"'Yata, kawo allurar."

An yi asarar wasu, amma gonar ta tsira.

Ranar ɗaurin aure, Baba ne a ƙofa da bokitin magani, har liman sai da ya tsoma. Ango ya iso da sabon takalmi yana ƙoƙarin ratsewa.

"Tsoma," in ji Baba. "Ba don ita ba, da kai za ka kashe min su. Allah ya yi muku albarka."