Wandon da Ya Tsaya da Ƙafarsa

A duk lakwal ɗin su Ɗan Talata, wato makarantar bokon da ke garin Gure, babu mai cika baki kamarsa. In ya kama fara ɗaya, sai ya ce buhu ya cika. In ya ci ƙwallo, sai ya ce mai tsaron gida har kuka ya yi.

Ran Juma'a malaminsu, Mushe Burahima, ya ce Ɗan Talata ne zai ɗaga tuta ran Litinin a gaban kowa. Ya ce ya zo tsaf. Abin da Ɗan Talata ya daɗe yana jira ke nan. Kafin a tashi ya gaya wa duk ajin cewa kayansa za su fi na soja tsayuwa.

Biba, wadda suke zama benci ɗaya, ta dubi wandonsa. Ya yamutse kamar an ƙwato shi daga bakin saniya.

"Da wannan?" in ji ta.

"Ke dai ki zo da wuri, ki samu wurin kallo."

A gida, kakarsa Hamsatu tana da gwangwanin sitaci. Ita take yin abinta da rogon da Baba yake kawowa daga Gidigir. Ta goge shi, ta tace, ta bari ya kwanta, ta shanya har ya zama gari fari tas. Da shi take sa babbar rigar Baba ta tsaya ƙyam. Ɗan Talata ya sha hango ta tana damawa. Amma bai taɓa zuwa kusa ya ga yadda take ɗiba ba.

Ran Lahadi Kaka da Inna suka tafi gidan suna. Ɗan Talata ya sauko da gwangwanin. Ya ce a ransa, in kaɗan yana sa riga ta tsaya, ai mai yawa zai sa ta ƙame ta sara wa mutane. Ya juye rabin gwangwani a kwano. Ya zuba ruwan zafi, ya yi ta tuƙawa har ya yi kauri kamar tuwo. Ya shafe riga da wando ciki da waje, ya baza su a kan zana.

Ranar Gure ta yi aikinta. Da la'asar ya ɗauko wandon, ya ajiye a tsakar gida. Wando ya tsaya da ƙafarsa, babu kowa a ciki. Ƙanensa Ibram ya fito, ya gan shi, ya durƙusa ya ce masa ina wuni.

Ɗan Talata ya ji daɗi ƙwarai. Ya jingine kayan a bayan ƙofa.

Da safe shiga wandon ya zama aiki. Sai da ya kwantar da shi a ƙasa, ya kwanta shi ma, Ibram yana tura shi ta kafaɗa. Ya sulale ya fita kafin Inna ta gan shi.

Gwiwa ta ƙi lanƙwasa. Hannu ya ƙi sauka. Yana tafe yana ƙaras-ƙaras kamar busasshiyar fata. Can zufa ta fara zuba, bayan wandon ya yi danƙo, yashi ya manne masa. Wata akuya ta shinshina, ta lasa, ta ji daɗi. Ta bi shi. 'Yan uwanta ma suka biyo baya.

Haka ya shiga lakwal, shi a gaba, awaki a baya.

An yi layi. Mushe Burahima ya kira sunansa. Ɗan Talata ya taka har gindin sandar tuta. To, igiyar a ƙasa aka ɗaure ta, dole sai an sunkuya. Ya gwada, wando ya hana. Ya gwada ta gefe, riga ta shaƙe shi. Akuyar nan kuwa ta samu dama, ta kama ƙafar wandon tana ja.

Dariya ta ɓarke har ajin ƙanana. Mushe ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Da ya juyo, ya ce Biba ta zo ta ɗaga tutar. Ɗan Talata yana tsaye yana kallo. Ko a aji ma a tsaye ya wuni, don zama ya gagara.

Ya koma gida wuyansa da bayan gwiwarsa duk sun goge sun yi ja. Kaka ta dube shi, ta dubi gwangwaninta. Ta yi dariya har da hawaye.

"Maigidana, wa ya gina ka a cikin wando?"

Ya sunkuyar da kai, ya faɗi gaskiya. Ya ce ta yi haƙuri.

"Da ka tambaye ni, ai da na nuna maka," in ji Kaka. "Ni ba na rowar abin da na sani."

Ta jiƙa kayan a ruwa. Ta ɗebo busasshen sitaci ta barbaɗa masa inda ya goge, ya ji sanyi. Sannan ta zaunar da shi kusa da ita. Ɗan kaɗan ta ɗiba a tafin hannu. Ta fara narkar da shi a ruwan sanyi, ta zuba na zafi, ta ƙara ruwa har ya tsinke yana bin yatsu. Ta ce wannan shi ne na tufafi. Mai kauri irin nasa kuwa na liƙa takarda ne.

Rabin gwangwanin da ya ɓata fa? Kaka ta ce rogo yana nan. Shi ya goge shi har hannunsa ya gaji.

Washegari ya je lakwal da ɗan sitaci mai kauri a murfin kwano. Ya ba Mushe haƙuri. Ya roƙa a bar shi ya liƙa bangon littattafan aji da suka yage. Biba ta taya shi. Har taswirar da ta daɗe tana reto a bango suka manne. Mushe ya duba aikin, ya gyaɗa kai.

"Litinin mai zuwa tutar taka ce. Amma ka bar awakin a gida."

Ran Litinin Ɗan Talata ya zo da riga mai sheƙi, karin guga ya fito sarai. Ya sunkuya ba wahala. Ya kwance igiya, ya ja, tuta ta hau sama tana kaɗawa. Ibram ya leƙo ta ƙofar lakwal yana tafi.

Da suka koma aji, Biba ta taɓa hannun rigar. Ta tambaye shi wa ya yi masa wannan aiki. Ɗan Talata ya buɗe baki zai ce duk Gure babu gwani kamarsa. Sai ya tuna da akuya.

"Kakata ce ta koya mini," in ji shi.

Tun daga ranar, in bai san yadda ake abu ba, sai ya tambayi wanda ya sani. Kuma ba ya taɓa kayan wani sai da izini.