Layin Ƙarshe a Katin Baba

"Kin duba bakinsa?"

Katin Babana ne a hannun likitan haƙorinmu. Ni kuwa na ƙura wa sikelin awon jarirai ido kamar yau na fara ganinsa.

"Ai... ai na sa alama."

"Alamar na gani, Sista. Bakin nake tambaya."

Wayyo ni! Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun da aka turo shi ƙaramin asibitinmu tsarin aiki ya canza. Duk wanda ya zo, ko ciwon kai ne ko awon ciki, sai nas ta haska bakinsa ta cike layin ƙarshe a kati kafin ya ga likita. Shi ya koya mana. Likitan haƙori ne, amma da yake 'yar tocila ba ta barin aljihun rigarsa, Mai Tocila kowa ke ce masa.

Wata bakwai ke nan muna son juna, Baba ya ce atafau ba zai ba shi aurena ba. Mai ɗakin maganinmu, wanda ya nemi aurena na ce wa a'a har sau uku, shi ya lallaɓa ya zuga shi, wai mutumin ba likita ba ne, mai fizge haƙora ne kawai.

"Mai leƙa bakin mutane, Auta? Ba a gidana ba!" in ji Baba.

Ga shi Baba na da ciwon suga. Duk wata yana zuwa awo, sugan ya ƙi sauka, sai ramewa yake yi. A safiyar nan na gwada jininsa, na ɗauko tocila, sai na ajiye ta. Ni ce zan dubi wanda ya haife ni in ce ya wangale baki? Na sa alamar "lafiya", na tura katin.

"Na ga hankicinsa sa'ad da ya miƙe," Mai Tocila ya ce a hankali. "Akwai jini."

Na ɗago na dube shi, ya ci gaba.

"Kin san ciwon dasashi na iya hana suga sauka. Ke kike koya wa sauran ma."

"Ubana ne fa!" Kuka ya ƙwace mini. "Kunyarsa nake ji... Kai ka je ka duba shi."

"Ba zai buɗe mini ba, abar ƙaunata. Ke zai buɗe wa."

Ya zaro tocilarsa, wadda ko aro ba ya bayarwa, ya danƙa mini.

Baba na kan benci a bakin ɗakin magani, hankici a baki kamar kullum. Ni duk a zatona ɗabi'a ce. Na roƙe shi ya dawo ciki, na tura ƙofa, na durƙusa.

"Baba, na yi ƙarya a katinka."

"Ƙarya kuma?"

"Na ce na duba bakinka. Ban duba ba. Don Allah... ka buɗe mini."

Ya kalle ni. Sannan hankicin ya sauka.

Innalillahi! Dasashin ya kumbura ya yi ja, haƙora biyu na girgiɗi.

"Tun yaushe, Baba?"

"Shekara guda." Muryarsa ta yi ƙasa. "Tsoro nake ji, Auta. Na ga yadda aka cire wa yayana haƙoransa tas, bai ƙara dariya a cikin mutane ba."

Ashe abin ke nan! Ba ƙin mutumin yake yi ba, tsoron kujerarsa yake ji.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai Tocila ya shigo ya russuna.

"Baba, ka yi haƙuri, ita ba ta da laifi sosai. Ni kuma an kawo ni nan ne don kada a kai ga cirewa. Ka ba ni wata uku."

"In ka cire ko ɗaya fa?"

"Sai ka hana ni 'yarka da hujja."

Na ɗago a firgice. Wannan wane irin ganganci ne!

Sau huɗu Baba ya hau kujerar nan, ni ina riƙe da hannunsa, shi yana wanke dattin da ya daskare a gindin haƙoran. Likitanmu ma ya gyara masa magani. A gida ni ke tsare shi da buroshi safe da yamma, yana mita wai na mai da shi ɗan yaye.

A wata na uku na ɗiga jininsa a na'ura. Na duba, na sake dubawa. Suga ya sauka! Mai ɗakin magani ya miƙo ƙwayoyin Baba ta taga, ko ɗago kai bai iya yi ba.

Baba ya taɓa haƙoran biyu da harshe. Suna nan daram.

"Kai, ɗana," ya ce, "tocilar nan taka ta ga abin da na ɓoye wa kowa. Ka riƙe mini Auta yadda ka riƙe su."

Hoton aurenmu na rataye a falo yanzu. Duk wanda ya shigo ba mu yake fara kallo ba, Baba yake kallo: ga shi a tsakiyarmu yana ƙyalƙyala dariya, babu hankici a hannunsa.